Majanyin Dije da Gonar Kurni

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, kai da Rakiya da ƴar jaririyarku. Ina fata amalanke ta kai ku Kurni lafiya, kayan ɗaki ba su fashe ba, yarinya ba ta sha rana ba. Allah ya sa kun shiga gidan a sa'a, ya tsare ku daga sharrin mutum da na aljan, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Babanka yana gaishe ku. Mu nan Matameye lafiya lau, sai kewa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Kai ne ɗan fari, kuma tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. In ina nemanka sai in ce wa ƙannenka, "Ina wancan?" Ranar da kuka tashi ma ina cikin ɗaki ina jin ana ɗaure kaya, na yi kamar ina tsintar wake, har kuka fita ban leƙo ba. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karatun manyan nan da na shiga, kuna yi mini dariya wai tsohuwa ta koma lakkal, yau ga ranarsa. Abin da bakina ba zai iya faɗa maka ba hannuna zai faɗa, ko da rubutun ya karkace.

Tsoro nake ji, kuma ga dalilinsa. Gonar da ka tafi nomawa rabona ce daga gadon mahaifina. Ka san rigimar rabon gado ta sa ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, har ta cika da tsiron gawo da kalgo da sabara da ƴan aduwa. Ranar kasuwa na gamu da kawunka, yayana Sani, a rumfar masu rake. Ya ce mini, "Habsu, kwantar da hankalinki, yaron nan namu ne. Na riga na kira gayya, Asabar mai zuwa. Za mu share masa gonar nan tas, ko tsinke ba zai gani ba. Ba za a ce ɗan ƙanwata ya zo garinmu mun bar shi da daji ba." Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Shi ke nan abin da ya fito daga bakina. Na dawo gida, tuwo ma ban iya ci ba.

Kawunka ba mugu ba ne, alheri yake nufi. Zai zo da mutane da adduna da gatura, a dama fura, a yi kiɗa, kafin azahar sun sare komai sun tara sun cinna wuta, suna murna sun karrama baƙo. Shi a wurinsa gonar namiji ita ce wadda za ka tsaya a wannan iyaka ka hangi ƙadangare a waccan. Ko a Kurni mutane da yawa sun bar wannan ra'ayi, shi dai bai bari ba, don yana da abin da yake taƙama da shi: in gona ta ƙi, cinikin rake yana rufa masa asiri. Kai ba ka da rake. Kuma na san halinka. In babba yana magana sai ka sunkuyar da kai kana wasa da yatsun ƙafa, kana "to, to," ko da abin yana cin ranka. A nono ka sha wannan, ba zan ga laifinka ba. Amma in ka sunkuyar da kai ranar Asabar, abin da Allah ya tsirar maka kyauta cikin shekaru zai zama toka kafin la'asar.

Bari in gaya maka yadda na san haka, don kada ka ɗauka maganar malaman gona nake maimaitawa.

Lokacin da aka kawo ni gidan babanka, gonarsa ta hanyar Ɗan Barto tana da gawo manya, ga ƙanana suna tasowa, kuma ba ya sare su. Ƴan'uwana in sun biyo ta wurin za su kasuwa sai su iso gida suna yi mini tsiya, wai Habsu ta auri mai noman daji, wai in za ni kai fura in riƙa tafiya da sanda saboda kura. Ni kuwa yarinya ce, gori yana shiga jikina. Na tasa babanka gaba. Na ce, "Malam, ni kam na gaji da gori. Kowa gonarsa fes, taka kamar ta marayu." Ya ce, "Ubana ya ce hatsin gindin gawo ba ya kunyata mai shi." Na ce ubansa ba shi ake yi wa dariya a kasuwa ba. Na yi fushi, na daina kai masa fura gona, ina aikawa. Mutum mai haƙuri ne amma ba dutse ba ne. Da bazara ta zo ya sare ƙananan duka. Manyan kuwa ni na ƙarasa su, ina sa ana sassare rassansu ina toya ƙosai da itacen, har suka bushe a tsaye. Ranar da yayyena suka wuce suka ga gonar fili fetal, har goro suka aiko wa babanka, ni kuma ina ta fara'a.

Shekara ta farko da ta biyu ba mu ga komai ba, har na ce wa babanka, "Ka gani?" Daga nan iska ta same mu. Ka san iskar nan da ke zuwa gaban hadari, wadda ke tashi da rairayi. Da, itatuwa suna karya mata ƙarfi. Yanzu ta sami fili, sai ta zo hatsi yana da ganye biyu, ta yanke shi ta binne. Mu sake shuka, ta sake binnewa. Irin da muka ajiye ya ƙare, muka shiga ɗibar na ci muna zubawa a rami. Ƙasar da take baƙa-baƙa ta koma fara, ruwa in ya sauka ba ya zama, rana ɗaya ta shanye shi.

Saboda haka ga abin da za ka yi da tsiron nan. Kowane kututture da ya yi toho da yawa, ka duba reshe biyu ko uku da suka fi ƙarfi suka miƙe, ka bar su, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka share na ƙasa-ƙasa don icce ya tafi sama. Shi ake kira sassaben zamani, ka ga babanka yana yi, sai dai ban san ko ka kula ba, don lokacin hankalinka yana wurin ƙwallo. Gawo shi ne na farko, don yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma taki ne. Kalgo da sabara su ma kada ka raina su, su ke tare rairayi. Rassan da ka yanke ka tara wa matan kawunnanka. Na san su, rabin murnar gayyar nan ta itacen girki ce, in sun samu bakinsu zai mutu.

Kuskurena na biyu kara ne. Bayan girbi babanka yakan kwantar da karan hatsi a gona ya bar shi. Ni kuwa ina ganin masu kiwon tumaki a cikin gari suna nemansa ido rufe, sai na ga asara ce a bar wa gara. Na riƙa kwashewa ƙaf, har da tushiya nake tonowa don wuta. Abin da na samu ya tafi a gishiri da sabulu, ban ma san inda ya shiga ba, gona kuwa ta kwana tsirara rani guda. Ashe garar nan da nake jin haushi ita ke huda ƙasa ta shigar da karan ciki. Kai dai ka ɗauki abin da dabbobinka za su ci da na danni, sauran ka kwantar. Akwai wani faƙo a gefen gonar Kurni ta yamma, inda ƙasa ta yi tauri ko ciyawa ba ta fita. Kada ka ce ya mutu. Ka haƙa ƙananan ramuka tun da rani, waɗanda ake ce wa tassa, ka tara ƙasar ta gangare don ta tare ruwa, ka zuba busasshen taki cikin kowane rami. Busasshe na ce. Ni ɗanye na zuba a karon farko don gaggawa, ya ƙone mini irin, na zauna ina zagin wanda ya koya mini. Aikin yana karya baya, ba zan ɓoye maka ba. Ka yi kaɗan bana, ka ƙara baɗi.

Na uku iri ne, kuma wannan har yanzu in na tuna ina jin haushin kaina. Wani malamin gona ya kawo mana irin hatsi mai saurin nuna. Mata muka taru muka daka, muka dama, muka ce furarsa ba ta da gardi, zangarniyarsa gajera ce, daminsa ba ya cika ido. Na ce ni ba zan bar hatsin kakannina don wannan ɗan guntun ba. Bayan shekaru na ga wata maƙwabciya ta ci sabon tuwo muna cikin yunwa, sai na yi wuf na shuka shi a gamanata, ƴar gonar da babanka ya yanka mini, ni kaɗai a duk wannan gefen. Ya nuna kafin na kowa. Tsuntsayen ƙasar nan kaf suka ji labari. Na yi ta kaɗa gwangwani har muryata ta dushe, abin da na kai gida kaza ma sai ta raina. Na rantse ba ni ba shi. Da ƙin da na yi da farko da karɓar da na yi daga baya, duka ba da hankali na yi su ba.

Kai kada ka yi ko ɗaya. Ka nemi maƙwabtan gona ku shuka mai saurin tare, don tsuntsu ya rarrabu. Ka raba gonar, gefe na gida, gefe mai sauri, ka sa wake a tsakani. Kuma kada ka juye irinka duka a ruwan farko. Damanar yanzu ba ta da alkawari. Da, tsofaffi suna duban sama su ce ga lokacin shuka, kuma haka ne. Yanzu ruwa zai sauka kamar da bakin ƙwarya, kowa ya fita da sungumi, sannan sama ta bushe har tsiro ya ƙone, in kuma ta tashi ɗaukewa sai ta ɗauke hatsi yana fitar da kai. Ka tona ƙasa da hannunka ka ga inda laima ta kai kafin ka shuka, kuma ko yaya ka rage iri a tulu.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ban taɓa ba ka labarin nan ba. An dai ce maka ƙanwarka Dije ta rasu a hanya, kana yaro, ka yi kuka, aka ba ka haƙuri.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Waɗanda ke da itatuwa a gona sun sami ɗan abin da suka samu a gindin gawo, masu iri mai sauri sun riga sun girbe. Mu ba mu da ko ɗaya, gonarmu fes, yadda na so ta. Abin da muka kai rumbu bai kai mu tsakiyar rani ba. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, don ko abin da za mu ba su babu. Babanka ya tsallaka iyaka cin rani, abin da yake aikowa ba ya kai mako. Ina dafa muku tafasa da ɗan garin rogo, ina ce muku na ci nawa a madafa. A lokacin mata suna ta tafiya Aljeriya bara, daga nan, daga Kance, daga ƙauyukanmu duka. Wadda ta dawo sai a ga katifa da kwanuka, ba a tambayar wadda ba ta dawo ba. Aka ce mini mai goyo ta fi samu. Na bar ku wurin kakarku, na goya Dije, ba a daɗe da yaye ta ba.

Mun wuce Damagaram, mun wuce Agadas, mun wuce Arlit, aka loda mu a bayan wata buɗaɗɗiyar mota kamar buhuna. Daga nan babu gari, babu rijiya, rana ta sama rairayi ta ƙasa. Ruwan jarka ya yi zafi kamar na wanka. Gudawa ta kama Dije. Tun tana kuka har ta daina, sai ta riƙa kiran sunanka a hankali, don kai ne kake ɗaukarta a wuya. Ina goye da ita da majanyin nan ja mai baƙin zare, ina jijjiga ta, sai na ji nauyinta ya canza a bayana. Uwa ta san wannan. Na ci gaba da jijjiga ta, don ina tsoron in na faɗa ya tabbata. Wata mata ƴar Kurni da ke kusa da ni ita ta leƙa, ta buga wa direba. Ya tsaya, ya ce mu yi sauri. Maza biyu suka tona rami da hannu da murfin kwano, aka yi mata salla, aka rufe.

Na duba gabas, na duba yamma, ina neman icce ko da kalgo ne, wanda zan riƙe a raina in ce a gindinsa ƴata take. Babu ko ɗaya, har iyakar ganina. Fili fetal, irin wanda na sa babanka ya yi mini. Yau ko an kai ni wurin ba zan iya nuna maka inda ƙanwarka take ba.

Na ƙarasa tafiyar don babu hanyar juyawa. Na zauna a bakin titi cikin mutanen da ban san harshensu ba, ina miƙa hannu, bayana babu kowa. Abin da na dawo da shi bai kai a faɗa ba. Da na shigo gida babanka ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, "Sannu da hanya. Allah ya ji ƙanta." Bai ƙara ko kalma ba, har yau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da bazara ta zo na ga ya ajiye gatari ya ɗauki ƴar wuƙa ya nufi gona. Na bi shi. Yana zaɓar reshe, ina riƙe masa. Ashe saiwoyin suna nan a ƙasa da ransu duk shekarun nan, muna sare su suna sake tohowa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce mun yi arziki ba. Shekarun farko dariya aka yi mana, wasu kuma suka riƙa bin bayanmu suna satar rassa, har babanka ya kai ƙara wurin mai gari. Icce ba ya sauri, kuma ba ya sa ruwa ya sauka. Amma ka ga gonar da idonka. Iska tana zuwa ta wuce, tsiro yana nan. Hatsin gindin gawo yana fin mutum tsayi. Ƴaƴan gawo suna riƙe mana awaki da rani, awaki suna ba mu taki da nono, ban ƙara tafiya nesa neman itacen girki ba. Ko a shekarar da damana ta yi gardama, rumbu yana kai mu kusa da sabon hatsi, abin da ya rage mu cike da ɗan akuya. Tun daga lokacin babu wanda ya fita gidan nan don yunwa. Ni abin da na sani game da sassaben zamani ke nan, sauran bayanin yana wurin malamai.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kwanaki kafin ku tashi, ina daka da Rakiya a tsakar gida, yarinya tana bayanta. Ka san innarta ta dawo daga Aljeriya da salula da katifa. Sai ta tsayar da taɓarya ta ce, "Inna, wai da gaske ne a can ko yaro ya miƙa hannu ana ba shi abin da ya fi tiyar hatsi?" Na ci gaba da daka. Ta ce, "An ce mai goyo ta fi samu." Taɓaryata ta faɗi daga hannuna. Na ce mata, "Kul na ƙara jin wannan magana a bakinki." Ta ce, "Tambaya ce kawai, Inna." Na san tambaya ce kawai. Ni ma da tambaya na fara.

Kada ka yi mata faɗa, kada ma ka nuna na gaya maka. Rakiya yarinyar kirki ce, ba kwaɗayi ke damunta ba. Kowace uwa tana leƙa rumbu tana auna shi da watannin da suka rage, ko mijinta bai sani ba. In ta ga zai kai, ko an biya mata mota ba za ta hau ba. In ta ga ba zai kai ba, ko ka kulle ƙofa za ta fita, kuma da yarinyar za ta fita. Ku kuka sa wa jaririyar nan suna Hadiza don a mayar mini da Dije, na ji daɗi har na yi hawaye a ɓoye. Amma tun ranar dakan nan, duk lokacin da na rufe ido sai in ga bayan motar nan, da wata Dijen a ciki. Ka yanka wa Rakiya gamanarta a wuri mai kyau, kada ka ba ta faƙo. Ka bar mata ƴaƴan gawo ta yi kiwon awakinta. Ka riƙa shawara da ita a kan iri da rumbu, don wadda aka yi shawara da ita ba ta yin shiri a ɓoye.

Tare da takardar nan mai amalanke zai ba ka ƙulli. Ka buɗe shi kai kaɗai. Majanyin Dije ne. Shekarun nan duka yana ƙasan akwatina, ban taɓa goya wani da shi ba, ban iya yar da shi ba. Jiya na fito da shi na yayyaga shi siri-siri. Babanka ya shigo ya same ni ina yi, ya tsaya, ya gane shi, sannan ya zauna ya karɓi wuƙar ya taya ni.

Kafin Asabar ka shiga gonar da sassafe, kai da Rakiya. Duk iccen da za ka bari, ka ɗaura masa ƙyalle ɗaya a inda ido zai gani. Ka fara da gawo. In ƙyallen bai isa ba ka ƙara da tsumma, amma jan ka sa wa waɗanda suka fi kyau. Sannan ka je gidan kawunka tun kafin ranar, kada ka bari sai an taru, don babba ba ya son a gyara masa magana a gaban mutane. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka gode masa da gayya, ka ce kana so, don da ma akwai ciyawa da ƙaya da ke bukatar hannu. Sannan ka ce, "Kawu, ina roƙon alfarma, duk iccen da ke da ƙyalle a bar mini shi." Zai yi dariya. Zai ce ɗan mai noman daji ya zo da gadon ubansa. Zai iya yin fushi ya ce ka raina alherinsa. Ka bar shi ya gama, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka ce "to."

In ya ƙi, ka ciro ƙyalle ɗaya daga aljihu ka sa masa a hannu, ka ce Habsu ta ce ya duba. Zai gane shi. Shi ya saya mini majanyin nan ranar sunan Dije. Shi ya raka ni tasha ranar da zan tafi, yana ɗauke da ita a kafaɗa, ya saya mata rake, ya taya ni ɗaura ta a baya da shi. Da na dawo ba ita, ya zo gaisuwa ya kasa shigowa, ya tsaya a zaure yana kuka kamar yaro. Yayana yana da taurin kai amma yana da zuciya. Ban yi tsammanin gatarinsa zai taɓa iccen da ke ɗaure da wannan ba. Ya kamata in faɗa masa da kaina a kasuwa, kunya ta hana ni, na bar maka nauyin. Ka yafe mini.

Na san abin da nake nema a wurinka yana da wuya. Ka tsaya gaban yayan mahaifiyarka, a garinsa, kana baƙo, ka ce masa a'a. Kunya ado ce, da ita na rene ka, kuma ina alfahari da yadda mutane ke yabon ladabinka. Amma ni kunyar gori ta sa na share gona, na ga inda ta kai ni. Ba zan ce ka karya taka ni ina riƙe da tawa ba. Shi ya sa zan yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da ungozoma ta miƙo mini kai, in babanka ya gani ya gani.

Allah ya ba ku damana mai albarka, ya kawo ruwa mai amfani, ya tsare ku daga iska da fari da tsuntsu. Allah ya cika rumbunku, ya zaunar da Rakiya a ɗakinta, ya raya Hadiza ta girma a inuwar itatuwan nan har ta ɗebi ƴaƴansu da hannunta. Allah ya sa kada ƙafar wani naku ta taka waccan hanya. Ka gaishe da kawunnanka da iyalansu. In Asabar ta wuce ka aiko mini da labari ko da baki ne, don ba zan sami natsuwa ba sai na ji.

Ka ɗaga kanka ranar nan, Lawali. Allah ya tsare mini kai, Lawali ɗana.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Habsu